Kurakuran da aka fi yi wajen cire tsohon rufin asbestos a Kano

Bara da hunturu Baffana ya ce a rushe tsohuwar rumfar da ke bayan gidansa a Gyaɗi-Gyaɗi, yana so ya fitar da shaguna biyu a wurin. Rumfar ta girme ni. Ta yi zaman sito, ta yi zaman garejin wata tsohuwar Fijo, daga ƙarshe ta koma makwancin awaki. Rufinta ba kwano ba ne, fallen simintin nan ne mai kauri, mai tudu da kwari, wanda muke ce wa asbestos. Ko da na isa wajen ƙarfe goma, kafinta na sama da guduma, yaronsa na ƙasa da tsintsiya, falle huɗu sun riga sun tarwatse, ƙura ta turnuƙe har tsakar gida inda aka shanya kayan yara. Na ce, "Malam, don Allah dakata." Ya leƙo ya ce, "Yallaɓai, shekarata ashirin ina wannan aiki, ko tari ban taɓa yi ba."

Ban ƙaryata shi ba. Amma maganar tasa ita ce uwar duk sauran kurakuran, domin asbestos ba ya kama mutum a ranar. Ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, zare-zare ne sirara waɗanda ido ba ya gani, ba sa cin wuta, ba sa ruɓewa. Saboda haka aka riƙa cuɗa su da siminti, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ana yin rufi da silin da bututun ruwa. Muddin siminti na riƙe da zaren, yana nan a ɗaure. Da an fasa, ko an yanka, ko an kankare, sai ya tashi ya bi iska. Zaren da ya shiga can cikin huhu kuwa ya samu wurin zama. Bayan shekara 20, 30, wani lokaci 40, sai ya fito da tabon huhu mai hana numfashi, ko sankarar huhu, ko wata muguwar sankara ta tantanin da ya lulluɓe huhu wadda likitoci ke kira mesothelioma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'in asbestos na jawo sankara. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Mu kuwa ga shi nan birjik a kan tsofaffin gidajen ma'aikata, makarantu, garejoji da rumfuna.

Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali fiye da kima. Wanda ya shaƙi ƙurar sau ɗaya, haɗarinsa kaɗan ne. Taruwa take yi, shi ya sa kafinta da leburan da suke yin aikin shekara da shekaru su ne a bakin wuta. Sai dai ba a san wani gwargwado da za a ce wannan ba ya cutarwa ba, don haka ko sau ɗaya ne, ba a wasa da shi.

Kuskure na gaba, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne cire abin da bai nemi a cire shi ba. Idan rufin lafiyarsa ƙalau, bai tsage ba, ba ya marmashewa, kuma ba rushe wurin za ka yi ba, ƙyale shi ya fi taɓa shi. A shafa masa fenti ya rufe fuskar, amma ban da gogewa da burushin ƙarfe ko samfefa kafin fentin. Haka kuma kada wani ya ɗaga kai ya ce maka, "Wannan ai ba mai cutar ba ne." Akwai sababbin fallayen siminti da ake yi da wani zare daban, kuma a ido kusan duk ɗaya suke, gwajin ɗakin bincike ne kaɗai ke rarrabewa. Rufin da ya haura shekara ashirin, ko wanda ba ka san shekarunsa ba, ka ɗauka asbestos ne kawai.

Sai zaɓen rana. Mu a Kano da rani muke gini, gudun ruwa, kuma sau da yawa aikin kan faɗo a tsakiyar hunturu, lokacin da iska ke kwasar komai ta kai gidan maƙwabci. A nemi safiyar da iska ta kwanta. A gaya wa maƙwabta tun jiya su rufe tagogi, a kwashe shanya, a rufe rijiya da randa da tankin ruwa, a kashe fanka, a janye dabbobi. Yara su tafi makaranta ko gidan dangi. Almajirai za su taru kallo, wasu ma su ce za su taya kwasa don a ba su na abinci. A ba su sadakar, a sallame su, kada ko ɗaya ya taɓa.

Ruwa, guduma da jinga

Aiki a bushe shi ne ke haifar da ƙurar. Kafin a taɓa ƙusa ko ɗaya, a jiƙa fallen sama da ƙasa, musamman inda ƙusa ta shiga da inda falle ya hau kan ɗan'uwansa. Injin feshi na goyo irin na manoma, in an wanke shi tas, ya fi komai dacewa. A zuba ɗan omo a ruwan, yana sa shi ya kama jikin simintin maimakon ya gangare. A riƙa maimaitawa, don ranar Kano ba ta barin abu a jiƙe. Jarka biyar ta ɗan garuwa ba za ta talauta kowa ba. Abu biyu ne za a kiyaye a nan. A kashe wuta daga mita idan akwai waya a rumfar. Kuma kada a ɗauko injin wankin mota mai ƙarfin feshi, domin shi kankare fuskar simintin yake yi, ya watsa zaren cikin taɓo, taɓon ya bushe ya koma ƙura.

Guduma ba ta da aiki a wannan rufi. Injin yanka ƙarfe mai faifai kuwa ya fi guduma sharri nesa ba kusa ba, minti ɗaya da shi ya isa ya cika rumfa da zare. Abin da ake so shi ne kowane falle ya sauko ɗungurungum yadda ya hau. Idan da noti aka ɗaure, a kwance da sifana. Idan ya yi tsatsa, a datse shi da babban almakashin yanka rodi, daga ƙasa in zai yiwu. A fara daga ƙololuwa a gangaro, mutum biyu a sama, biyu a ƙasa suna karɓa. Ba a jefowa, ba a jan wani a kan wani.

Nan ne na gane cewa laifin ba na kafintan Baffa ba ne shi kaɗai. Jinga aka yi da shi: ya sauke rufin, a ba shi kuɗi kaza. Wanda aka yi jinga da shi kuwa agogo yake kallo, yana so kafin azahar ya kama wani aikin. Ba yadda za a yi ka ce masa ya kwance noti sittin ɗaya bayan ɗaya a kan kuɗin fasawa. Sai da muka sake ciniki, muka koma kuɗin yini, muka ƙara masa mutum biyu, sannan ya ajiye gudumar ba tare da ɓacin rai ba. Duk mai gidan da ke son a yi masa aikin nan daidai, daga aljihunsa gyaran zai fara.

Kuma kada kowa ya taka rufin. Tsohon asbestos ba ya lanƙwasawa ya yi maka gargaɗi kamar kwano, ɓallewa yake yi farat ɗaya, ga shi in ya jiƙe santsi gare shi. A yi aiki daga tsani ko daga ƙasa. In hawa ya zama dole, a shimfiɗa katako mai faɗi a kan katakan da ke ɗauke da rufin, a taka shi.

Hanci, gemu da madara

Ɗaure hanci da ƙyalle ko rawani ba ya tare wannan zare. Shuɗin takunkumin da muka saba da shi lokacin korona ma haka, iska na shiga ta gefe. Wanda ake buƙata shi ne mai lambar FFP3 ko P100, a tambaya a shagunan masu sayar da kayan kariya na ma'aikata, a duba lambar a jikinsa da ido. Dole ya manne da fata ko'ina. A nan akwai maganar da ba a son faɗa: gemu na hana shi mannewa. Ba na cewa kowa ya aske sunnarsa saboda rumfar awaki. Amma mai cikakken gemu kada ya zama shi ne a bakin fallen, a ba shi wani aikin daga nesa.

Yaron kafintan ya ce mini, "Oga, ai in mun gama madara za mu sha, ta wanke ƙirji." Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu ta shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Sha don yunwa, amma ba magani ba ce. Abin da ke da tasiri na gaske shi ne taba: mai shan sigari da ke shaƙar asbestos, haɗarin sankarar huhunsa ninkuwa yake yi. Kuma a lokacin aikin ba cin goro, ba shan ruwan leda da hannu mai ƙura.

Tufafi ma abin lura ne. An sha samun matan da ba su taɓa zuwa wurin aiki ba suka kamu, saboda su ne ke kakkaɓe kayan mazajensu suna wankewa. A sa rigar leda ta aiki mai haɗe da hula wadda ake yarwa, ko wasu tsofaffin kaya da aka haƙura da su, da takalmin roba marar igiya. In an tashi, a goge jiki da jiƙaƙƙen tsumma, a tuɓe rigar ana juya cikinta waje, a sa a leda, takunkumi shi ne na ƙarshen cirewa. Ko sallar azahar za a tafi, haka za a yi. Kada a shiga sahu da kayan aiki a zube wa jama'a ƙura a kan darduma.

Inda tarkacen zai tafi

Bakano ba ya yar da abu, kuma yawanci wannan abin yabo ne. A nan ne kawai halin ke cutarwa. Kafin mu sauke falle na shida, maƙwabci ya aiko yana son biyu zai rufe akurkin kaji. Wani ya ce a zuba masa fasassun a ƙofar gida, ciko zai yi kafin damina. Ka duba abin da cikon nan zai zama: kullum mota da babur da adaidaita suna niƙa shi, rani ya zo, iska ta ɗauka, duk layin ya shaƙa shekara da shekaru. 'Yan mata kuma su tsinci ɓallin da ya yi faɗi su yi 'yar gala-gala da shi, har su goga shi a ƙasa ya yi sumul. Wanda ya karɓi falle don akurki, zarto zai sa ya rage masa tsawo. Saboda haka ba sayarwa, ba kyauta. 'Yan gwangwan su ɗauki ƙarfe da katako bayan an goge su da jiƙaƙƙen tsumma, su bar simintin.

Ƙonawa ba ta kashe shi. Zaren ba ya cin wuta, simintin ne ke fashewa da ƙara ya watsa shi. Jefawa a kududdufi, ko kwata, ko bolar unguwa inda yara ke tone-tone, shi ma mayar da matsalar kan wasu ne.

Yadda ake yi shi ne a shimfiɗa leda mai kauri irin ta gini tun kafin a fara, a riƙa jera fallayen a kai suna jiƙe, biyu ko uku a ƙunshi don a iya ɗagawa. A naɗe, a manne da salatif, a sake naɗewa da leda ta biyu, a rubuta a jiki da manyan baƙaƙe: ASBESTOS, HAƊARI, KADA A BUƊE. Ƙananan ɓaraguzai a tsince su da hannu cikin safa, a kwashe ɗan saman ƙasar wurin da shebur bayan an jiƙa, a zuba a buhun leda biyu. Ba shara da tsintsiya, ba hurawa da iska. Tsumma, safa, takunkumi da riga duk su bi tarkacen.

Makomarsa rami ne, a binne shi a wurin da hukuma ta amince, a rufe da ƙasa, inda ba za a tona ba. Tun kafin a sa ranar aiki, a je Ma'aikatar Muhalli ta jiha, ko hukumar kwashe shara ta REMASAB, ko ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a gaya musu abin da ake da shi da yawansa, su faɗi inda za a kai. Kafin a samu amsa, ƙunshin ya zauna a ɗaure a wurin da ake kullewa. Ranar ɗauka a ɗora a hankali a a-kori-kura, a sauke da hannu. In ka ba direban tifa, juyewa zai yi daga sama, duk wahalar naɗin ta tashi a banza. Ka bi motar da kanka, ko ka sa wanda ka yarda da shi. Idan kuma rufin babba ne, irin na makaranta ko masana'anta, ko ya riga ya ruɓe yana marmashewa a hannu, ya wuce aikin kafintan unguwa, sai ƙwararru.

Na Baffa falle goma sha huɗu ne, goma suka sauko lafiya, huɗun farko muka tsince a ɓaraguzai har bayan la'asar. Kayan yaran da ke kan igiya muka sauke su a jiƙe, ba a kakkaɓe ba, aka wanke su daban. Da magariba Gwaggo ta aiko a ba ta tsintsiyarta da yaron kafinta ya ara. Tana cikin buhu na biyu, an riga an manne bakinsa. Washegari na sayo mata sabuwa.