Yadda za a raya daren shiga sabuwar shekara a birnin Damagaram

A Damagaram, ranar 31 ga Disamba tana faɗowa ne a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke lulluɓe duwatsun Birni, tsohuwar unguwar garin, da rana, sanyi kuma ya sauko da zarar an idar da sallar isha'i. Tunda 1 ga Janairu ranar hutu ce a Nijar, ma'aikata da ɗaliban Jami'ar André Salifou da 'yan kasuwar da suka dawo daga Yamai ko Agadas ko Kano duk sukan samu kansu a gida a dare ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba in ba da sallah ba. A ganina, wanda ya fi cin moriyar daren shi ne wanda ya tara mutanensa wuri ɗaya bisa shirin da aka yi tun da rana.

Kafin komai, a daidaita da maigida da dattawan unguwa. Wannan dare ba idi ba ne, malamai da yawa ma ba sa son a ba shi wani matsayi, domin shekarar Musulunci tana farawa ne da watan Muharram, kuma kwanakinta 354 ne ko 355, shi ya sa take zagayawa cikin damina da rani. Kiristocin gari kuwa sukan raya daren a coci da addu'a. Saboda haka wanda zai tara jama'a ya faɗi manufarsa a fili, cewa zumunci ne da cin abinci tare. Ya kuma je wurin maƙwabci tun da la'asar ya ce: "Baba, yau yaranku za su ɗan daɗe suna hira a ƙofar gida, in mun dame ku a aiko a faɗa mana." Dattijon da aka girmama haka da wuya ya kai ƙara, sau da yawa ma shi ne zai aiko da tabarma.

Sayayya a gama ta kafin azahar. A yi karo-karo tun kwana biyu ko uku kafin ranar, a danƙa kuɗin a hannun mutum ɗaya amintacce, ya shiga kasuwar Dole da safe ya sayo gawayi, ganyen shayi, sukari, na'ana'a, albasa da yaji. Nama kuwa a yi magana da mahauci tun da wuri, domin wanda ya bari sai bayan magariba zai tarar masu balangu da tsire sun cika da jama'a, abin da ya rage kuma sai kitse da ƙashi. Idan kuɗin bai kai na rago ba, kaji ko zabi da dambu da kwaɗon zogale sun wadatar. Kada a manta da ruwa. Duk mazaunin wannan gari ya san famfo ba abin dogaro ba ne a kowace unguwa, don haka a cika randa da jarkoki tun da hantsi, a kuma cika wayoyi da fitilu da caji.

Wurin zama shi ne abin da ya fi bukatar tunani, saboda sanyi. Tsakar gida ko rumfar da ke da katanga ta gabas da arewa ta fi, domin daga can iskar hunturu take bugowa. A shimfiɗa tabarmi biyu-biyu, a fito da barguna, a sa wa yara huluna da safa tun kafin su fara tari. Akwai kuskure guda da nake roƙon kowa ya guje masa: shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Gawayin da ke ci a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, sai barci ya ɗauke shi, wani ba ya sake farkawa. Kasko ya zauna a waje, nesa da zana da buhunan harawa, kuma idan an tashi a yayyafa masa ruwa har sai ya daina hayaƙi.

Daga isha'i zuwa ƙarfe 12 awanni ne masu tsawo, shayi ne kuma ke riƙe su. A ba wanda ya iya buta da ƙananan kofuna, ya ɗaga hannu sama yana zubawa har kumfa ta hau bakin kofi, na farko mai ɗaci ya tafi wurin manya, na biyu da na uku su zagaya kowa. A tsakanin dahuwa da dahuwa ne hira take daɗi. A shekarun nan gasar kokowa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, takan zo ne a ƙarshen Disamba, jihohi takwas kowace da 'yan kokowa goma, saboda haka ba a rasa gardama kan wanda ya yi kaye da wanda aka zalunta. Idan akwai tsoho a wurin, a roƙe shi ya ba yara labarin Sarki Tanimun da ganuwar da ya kewaye Birni da ita, da zamanin da Damagaram take babban birnin ƙasar kafin Turawa su mayar da shi Yamai a 1926.

Masu son kallon wasan wuta na manyan biranen duniya a talabijin ko waya ba sai sun jira tsakar dare ba. Sidni ta ƙasar Ostireliya tana shiga sabuwar shekara da ƙarfe 2 na rana agogonmu, Dubai kuma da ƙarfe 9 na dare, lokacin da ake haska benen Burj Khalifa mai tsawon mita 828. Wannan ya dace da yara ƙwarai, su kalla su je su kwanta. Faransa lokacinmu ɗaya da ita a wannan wata, Landan tana biyo mu da awa ɗaya, bikin dandalin Times Square na Amurka kuwa, inda ake sauko da ƙwallo tun 1907, sai ƙarfe 6 na safe.

'Yan uwan da ke nesa a kira su tun wajen ƙarfe 10, domin layuka sukan cunkushe da tsakar dare. Idan 12 ta buga, a rage sautin kiɗa, babba ya yi addu'a, a gaisa da "Allah ya maimaita mana". Abubuwan fashewa na wasa kada a bar su a hannun yara, domin komai ya bushe a wannan lokaci, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumfa. Haka nan samarin da ke son zagaya gari a kan babur, a riƙe su da hira da nama har titi ya lafa, wanda kuma dole ne ya fita ya sa hular kwano, kada ya ɗauki fiye da mutum ɗaya. A ajiye lamba 18 ta 'yan kwana-kwana da 17 ta 'yan sanda a wayar mutum biyu aƙalla.

Washegari bayan sallar asuba a share ƙofar gida, a kwashe toka da ledoji, a mayar wa maƙwabci tabarmarsa tare da ɗan abin da aka keɓe masa na nama. Da hantsi a zaga gidajen iyaye da surukai a yi gaisuwa. Wanda ke da abin hawa kuma, idan hazo ya yi sauƙi, ya ɗebi yara zuwa Mirya, tafiyar kilomita 18 ce kawai, su yini a gefen lambuna, su dawo da salak da tumatir kafin magariba.