Kurakuran da Sakkwatawa ke yi idan sun hau tsaunin Mambila

Tun da na fara kai 'yan uwa da abokai daga Sakkwato zuwa Mambila da ke jihar Taraba, babu tafiyar da wani bai maimaita kuskuren da na yi gargaɗi a kansa tun muna tasha ba. Na gaji da bin mutane ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai gani ba.

Kuskuren farko shi ne raina sanyi, kuma shi ya kusa raba ni da ɗan yayata. Mu zafi muka sani. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, garin da tsayinsa daga teku bai wuce kusan mita 300 ba. Mambila tana wajen mita 1,600, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan sauka da kusan digiri 6. In ka faɗa wa Basakkwace haka sai ya ce ai ya sha hunturu tun yana goye. To, sanyin hunturu busasshe ne. Ka sa rigar sanyi, ka matsa bakin wuta, hantsi na dubawa ya sake ka. Na Mambila da ruwa yake zuwa, ga yayyafi ga iska a fili fetal inda babu ko bishiyar fakewa, sai ciyawa iya ganinka. Tufa ta jiƙe, iska ta buga, jiki ya riƙa zubar da ɗuminsa fiye da yadda yake iya mayarwa.

A wani watan Satumba muka tashi daga ƙauyen Yelwa muka nufi bakin kurmin Ngel Nyaki. Ɗan yayar tawa, saurayi ne ɗan shekara 19, ya saka shadda da singiletin auduga a ciki. Na ce ya ɗauko rigar ruwa, ya ce, "Kawu, mi za ni yi da ita? Dubi rana." Na ƙyale shi, kuma wannan ƙyalewar har yau tana ci mini rai. Bayan azahar hadari ya taso daga bayan tudu, kafin mu yi wani tunani ruwa ya sauko. Ya fara rawar ɗari, muka ce mu ƙara sauri. Can sai na ji maganarsa ta fara sarƙewa kamar mai magagin barci, yana tuntuɓe inda babu dutse, yana roƙon a bar shi ya ɗan kwanta. Bafulatanin da ke mana jagora ya dube shi sau ɗaya ya ce a ɗauke shi. Muka ciccibe shi zuwa wata ruga da ke kusa, aka tuɓe masa jiƙaƙƙun kayan kaf, aka naɗe shi da barguna har kai, aka riƙa ba shi madara mai ɗumi da sukari kaɗan-kaɗan. Sai wajen isha'i ya dawo cikin hayyacinsa. Daren nan ban runtsa ba, ina ta tunanin abin da zan faɗa wa uwarsa.

Auduga ce ta ci amanarsa. Tana shan ruwa ta riƙe, ta manne a fata. Shadda, wandon jins, singileti, duk hali ɗaya gare su. Ni yanzu ba na barin kowa ya shiga mota sai na ga abu uku da idona: rigar ciki irin ta 'yan ƙwallo wadda ke saurin bushewa, suwaita mai kauri, da rigar ruwa mai hula. Duk ana samunsu wurin 'yan gwanjo, kuɗinsu bai kai na ɗinkin shadda ɗaya ba. Sannan kowa ya ƙulle busassun kaya da safa a cikin leda biyu, ya tura ƙasan jaka, kada ya taɓa su sai an sauka masauki. Wanda kuka ga rawar ɗarinsa ta tsananta, ko maganarsa ta canja, tafiya ta ƙare a nan. A raba shi da jiƙaƙƙen kaya, a kare shi daga iska, a fara ɗumama ƙirji da ciki. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a tura shi jikin wuta, kada a ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya komai. In bai dawo daidai ba, sai asibiti.

Na biyu ya fi ba ni haushi, domin girman kai ne tsagwaronsa: mutum ya yarda da idonsa ya raina jagora. A ƙasarmu in ka hango kuka, ka nufe ta kai tsaye ka isa. Can kuwa ka hango tudu kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali tsakaninku akwai kwari biyu, kowanne da rafi da laka mai kama ƙafa a ƙasansa. Abin da ido ya ce rabin awa ne sai ya ci awa uku. Ga kuma hazo. Da mun ji hazo ƙurar hunturu muke tunawa, wadda ko ta yi kauri kana ganin hanya. Na Mambila girgije ne ke sauka a kanka. Cikin 'yan mintoci wanda ke gabanka ya ɓace, tuddan duk su zama iri ɗaya, hanyoyin shanu su rarrabu ko'ina, kowace tana kama da wadda ka biyo.

Wani abokin kasuwancina, dattijo da jikokinsa, ya taɓa zame mana don ya ɗauki hoto daga wani tudu. Bai gaya wa kowa ba. Hazo ya rufe, muka yi ta kira har muryoyinmu suka dishe. Sai dab da magariba wani yaro makiyayi ya kawo mana shi, wandonsa duk laka, ya yi nisa zuwa wani ɓangaren da ba mu ma yi zaton nema ba. Na ce, "Alhaji, don Allah mi ya kai ka?" Ya ce ai yana da taswira a waya. Wayar da babu sabis, sanyi kuma ya shanye mata caji! Haba jama'a. Mutum ya biya kuɗin mota tun daga Sakkwato, ya bi Gusau da Zariya, ya kwana a hanya, ya wuce Jalingo da Bali da Serti, sannan ya zo yana ƙyashin ɗan abin da zai ba jagora? Wannan wane irin lissafi ne? In hazo ya rufe ka, tsaya inda kake, sa rigar ruwa, ka yi ta kira. Ni har usur nake rataya wa kowa a wuya. Dokata kuma ba ta canjawa: mu fita bayan sallar asuba, ƙarfe 1 na rana mu juyo, ko mun kai inda muka nufa ko ba mu kai ba, domin da damina ruwa da tsawa sun fi zuwa da yamma, kuma kan tudu ba wurin tsayawa ba ne in ana walƙiya.

Masu cewa za su "leƙa" Chappal Waddi su dawo, ku saurara. Shi ne wuri mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyakarmu da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, da 'yan dako da abinci da tanti. Ofishin gandun yana Serti. Can ake neman izini, can ake haɗa ka da ma'aikatan da suka san dajin, su ne kuma za su gaya maka halin tsaro a lokacin. Wanda bai taɓa hawa ba ya je da rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da rafuka suka janye.

Akwai kuskuren ɗabi'a da nake jin kunyarsa in namu suka yi. Sunan ƙaramar hukumar Sardauna, mai hedikwata a Gembu, ya samo asali ne daga Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, tun bayan ƙuri'ar 1961 da ta shigo da yankin cikin Nijeriya. Wasu da sun ji haka sai su riƙa taku kamar gonar gado suka shigo. Ƙasar tana da masu ita: Mambilawa, Kaka, Fulani da sauransu, kuma Fulatanci ya fi Hausa tafiya a ƙauyuka da yawa. Wayar shingen da ka gani a tudu iyakar makiyayar wani ce, kada ka tsallaka sai da izini. Ka shiga ƙauye, fara gaida jauro, wato mai garin. Maganar fili tsakanin manoma da makiyaya tana da zafi a can, baƙo ya kama bakinsa.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata tafiya. Takalmin fatarmu na Sakkwato na zuwa ɗaurin aure ne, kan jar lakar can santsi yake kamar sabulu; nemi mai ƙasan roba mai haƙora, ka yi mako biyu kana yawo da shi a gida kafin tafiya. Ruwan rafi komai haskensa shanu sun sha daga sama, a tafasa. Tura ƙafar wando cikin safa saboda kaska, da dare ka duba jikinka. A gangaren Gashaka akwai sauro da ƙudan tsando, kada sanyin sama ya sa ka bar gidan sauro a gida. Mai son ganin biri a Ngel Nyaki ya kashe kiɗan waya ya rage surutu. Guntun taba ko garwashin shayi a busasshiyar ciyawar rani na iya cinye tudu guda. Ledar ruwanka ka mayar da ita jaka.

Sai ranar dawowa. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanyar Sakkwato zuwa Illela zai so ya sauko daga Maisamari zuwa Mayo Selbe ƙafarsa a kan birki. Hanyar kwana ce bisa kwana, ga rami a gefe, birki kuma in ya yi zafi sakin mota yake. Na taɓa jin ƙaurinsa muna tsakiyar gangara, na ce, "Malam, tsaya nan, ba mu ƙara taku ɗaya sai ya huce." Tun daga ranar, kafin mu baro Nguroje nake sa a duba birki, in zauna gaba kusa da direba, in tabbatar ya sa ƙaramar giya tun daga kan gangarar, kuma ba ma fara saukowa in la'asar ta wuce.