Taɓa sama kafin ka danna

Jama'a, ga wata 'yar dabara ga masu fita ɗaukar hoton sararin sama da waya.

Kafin ka danna maɓallin ɗaukar hoton, taɓa sama a fuskar wayar, wajen da ya fi haske, amma ba kan ranar kanta ba. Riƙe yatsanka a wurin har saitin hasken ya kulle. Sai ka ja 'yar alamar hasken da ta fito a fuskar wayar ƙasa kaɗan.

Shi ke nan.

Dalili kuwa, kyamara ba idon mutum ba ce. In duwatsu da bishiyoyi masu duhu suka cika rabin hoton, sai ta ƙara haske don su fito. Sama kuma ta ƙone, ta koma fari fat kamar takarda. Abin da ya ƙone ya tafi, babu manhajar da za ta dawo maka da gajimaren. Duhu kuwa ana iya ɗaga shi wajen gyara.

Na sha asarar fita kafin in gane. Wata yamma na hau tudu, hadari ya haɗo, gefensa jawur kamar garwashi. Na dawo na duba, hoto kusan 40, duk sama a wanke. Haushi kamar in yi jifa da wayar.

Amma fa in akwai mutum a gabanka kuma fuskarsa kake so, kar ka yi, zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Ni dai wani lokacin hakan ya fi burge ni.

In duhu ya fara shiga ma, bar hasken yadda yake. In ka rage shi, kana ɗaga shi daga baya hoton zai yi yashi-yashi.