Kurakuran da aka fi yi wajen kiran mace "Mademoiselle"

Duk wanda ya koyi Faransanci a aji, a Maraɗi ne ko a Garwa, an gaya masa cewa Madame matar aure ce, Mademoiselle kuwa wadda ba ta yi aure ba. Ba ƙarya aka yi masa ba, sai dai ƙa'idar ta kwana biyu, kuma masu riƙe ta ƙam su suka fi shan kunya.

Kuskuren da ya fi muni shi ne a ɗauka duk macen da ba ta da miji Mademoiselle ce. Bazawara Madame ce, haka ma wadda mijinta ya rasu. Likita ko shugabar ma'aikata mai shekara 40 da ba ta taɓa aure ba, ita ma Madame za ka ce mata, domin yau kalmar girma take nunawa, ba igiyar aure ba. Ka kira babbar mace Mademoiselle a ofis, wata za ta yi murmushi, wata kuwa ta ji ka mai da ita yarinya, ko kana leƙa mata sirrin gida. In ba ka san ta ba, musamman a wasiƙar neman aiki, rubuta Madame ka huta.

A Faransa gwamnati ma ta sa baki. A Fabrairun 2012 firaminista François Fillon ya umarci ma'aikatu su cire Mademoiselle daga takardun da jama'a ke cikewa. Hujjar masu fafutukar haƙƙin mata ita ce, namiji Monsieur ne tun yana saurayi har ya yi furfura, babu mai tambayarsa ko ya ajiye iyali. A ganina sun yi gaskiya. Amma daga nan wani kuskuren ya fito: wasu sun ɗauka an haramta kalmar. Umarnin takardun gwamnatin Faransa kawai ya shafa. Mai burodi a Paris har gobe yana ce wa 'yar makaranta Mademoiselle, ba kuma wanda zai kai shi ƙara.

Sauran kurakuran na alƙalami ne. Taƙaicen Mademoiselle Mlle ne, babu ɗigo a ƙarshe, kamar yadda Madame take Mme. Da yawa suna rubuta "Melle", wanda sunan wani gari ne a yammacin Faransa. In matan sun kai biyu, ba "s" kaɗai ake liƙawa a wutsiya ba, kan kalmar ma yana sauyawa: Mesdemoiselles, a taƙaice Mlles. Dalili kuwa, "ma" ɗin farko yana nufin "tawa", jam'insa kuma "mes". Shi ya sa ba a cewa "une mademoiselle", sai "une demoiselle", wato wata budurwa.

Wajen furuci kuma kada ka bi haruffa ɗaya bayan ɗaya. Faransawa kan haɗiye "e" na farko, su ce "madmwazel".