Yadda za ka tofa albarkacin bakinka kan batun mallakar bindiga ba tare da shaci-faɗi ba

Duk wanda ya saba zaman majalisa a Jos bayan sallar isha'i, ko a teburin mai shayi a Bauchi Road ko a bencin ƙofar shago a Gangare, ya san yadda hira take tafiya. Za a fara da wasan da aka kalla jiya a gidan kallon ƙwallo, a gangaro kan farashin sabuwar waya, a taɓa fim mai dogon zango da ake yayi, can kuma sai wani ya ciro wayarsa ya ce an sake kai hari a wani ƙauye na Bokkos ko Mangu. Daga nan majalisa takan rabu biyu, wasu su ce a bar kowa ya mallaki bindiga ya kare kansa, wasu su ce yin haka ƙara wa wuta fetur ne. Kowane ɓangare yana da hujjar da ta cancanci a saurara, amma abin da na lura da shi shi ne mafi yawan masu ɗaga murya ba su san abin da doka ta tanada ba, kuma ba su san asalin labarin da ya tayar da maganar ba. A garin da ya ga rikicin Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, irin wannan hira ba ta da sauƙin da take da shi a wasu wurare.

Abu na farko da ya kamata ka yi kafin ka buɗe baki shi ne ka san dokar da ake magana a kanta. Dokar makamai ta Najeriya an yi ta ne tun 1959, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko shi ne makaman da aka haramta, waɗanda suka haɗa da bindigogin soja irin su AK-47, da masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da gurneti, kuma babu mai ikon ba da lasisin riƙe su sai shugaban ƙasa. Wanda aka kama da irin wannan makami ba tare da izini ba, hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. Kashi na biyu shi ne bindigogin amfanin kai, kamar na farauta, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsu. Kashi na uku kuwa shi ne bindigogin da ake ɗura musu albarushi ta baki, wato irin adakar da maharba suke riƙewa, kuma lasisinsu yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta kuma hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin tayar da hankali a cikin shekaru 5 da suka gabata.

Sanin wannan kaɗai zai sauya yadda kake magana, domin idan wani ya ce a ba kowa bindiga, za ka iya tambayarsa wace iri yake nufi. Idan bindigar farauta ce, to doka ta riga ta buɗe ƙofa, sai dai a yi muhawara kan wahalar samun lasisi da kuma ko za ta yi wa mutum amfani a gaban maharan da suka zo da AK-47. Idan kuwa AK-47 ɗin yake nufi, to magana ce ta sauya doka, kuma wannan aikin Majalisar Tarayya ne, saboda kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai take yi wa doka. Wannan ne ya sa lokacin da gwamnatin Zamfara a ƙarƙashin Bello Matawalle ta nemi jama'a su mallaki bindiga don kare kansu a watan Yunin 2022, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Kafin nan ma, a watan Maris na 2018, Janar T.Y. Danjuma ya yi kira ga jama'a su kare kansu a wani jawabi da ya yi a Jalingo, kuma har yau ana kafa hujja da jawabin a majalisu, alhali kuwa kiran babban mutum daban, abin da alƙali zai duba a kotu daban.

Ya kamata kuma ka riƙe wata hujja da ɓangarorin biyu suke yawan tsallakewa, wato tambayar inda makaman da ke hannun ɓata-gari suke fitowa. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na shekarar 2019 ya nuna cewa an kasa gano inda makamai 178,459 na rundunar 'yan sanda suka shiga, kuma 88,078 daga cikinsu AK-47 ne. Ga kuma waɗanda suke shigowa ta iyakoki, musamman bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011, da waɗanda maƙera suke ƙerawa a ɓoye. A 2021 gwamnati ta kafa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Mai son a sassauta doka zai ce alƙaluman sun nuna cewa mai bin doka ne kaɗai aka bari hannu rabbana, mai son a tsaurara kuma zai ce ƙasar da ta kasa lissafin makaman da ke rumbunta ba za ta iya lissafin waɗanda za ta raba wa miliyoyin mutane ba. Ni na fi karkata ga magana ta biyu, amma ban taɓa jin daɗin faɗa wa mutumin da aka ƙone gidansu a ƙauye cewa ya yi haƙuri ya jira jami'an tsaro ba.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci a nan Filato, shi ne ka bincika labarin da ya tayar da hirar kafin ka gina ra'ayi a kansa. A ranar 23 ga Yunin 2018, lokacin da ake kashe-kashe a yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, wasu hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa wani bidiyo da aka yaɗa, na wani mutum da aka sara a ka, ba a Najeriya ma aka ɗauke shi ba, a Kongo Brazabil ne tun 2012. Washegarin bazuwar hotunan aka tare hanya aka fito da matafiya daga motocinsu aka kashe su. Rikicin gaskiya ne, an kuma rasa rayuka da dama a cikinsa, amma hotunan ƙarya sun taimaka wajen kai wutar inda ba ta kai ba. A wannan rana ta 23 ga Yuni ce kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a gidansa da masallacinsa, labarin da bai yi saurin zagaya wayoyi kamar hotunan gawawwaki ba.

Saboda haka, idan hoto ko bidiyo ya shigo wayarka, fara da duba ko akwai alamar kibiya biyu a samansa, wadda WhatsApp take sanyawa a kan saƙon da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu, domin irin wannan saƙo wanda ya turo maka ma bai san mafarinsa ba. Daga nan ka sanya hoton a Google Lens, wanda yake cikin mafi yawan wayoyin Android, zai nuna maka wuraren da hoton ya taɓa fitowa, kuma sau da yawa za ka tarar ya shekara biyar yana yawo. Idan bidiyo ne, ka tsayar da shi a inda hoto ya fito sosai, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika shi ta wannan hanya. Ka kuma yi amfani da idonka da kunnenka: lambar mota, da kakin jami'an tsaro, da rubutun allon shago, da harshen da ake ji a bayan fage, da yanayin ƙasa, domin wanda ya san duwatsun Filato ba zai kalli dajin kurmi a ce masa Riyom ce ya yarda ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira take iya haɗa murya da fuskar mutum, ganin babban mutum yana magana a bidiyo bai isa shaida ba sai ka ga maganar a kafar da za a iya tuhuma idan ta yi ƙarya. Akwai kuma masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, kuma duba shafinsu bai fi minti biyu ba.

Saƙon murya ya fi komai wahalar tantancewa, don ba shi da fuska ba shi da kwanan wata. Wata rana da yamma aka turo irinsa a zauren danginmu, wata mata tana haki tana cewa kada kowa ya bi hanyar Bukuru, an fara. Kafin minti goma an kira yara a dawo gida, wata gwaggonmu har ta rufe shago. Wani ƙanenmu da yake tuƙa keke a wannan hanya aka kira, ya ce shi dai abin da yake gani cunkoso ne saboda tirela ta lalace a tsakiyar titi. Tun daga ranar, duk saƙon da bai faɗi wuri da rana da sunan wanda ya gani da idonsa ba, nakan nemi mutum guda da yake wurin in kira shi kafin in gaya wa kowa.

Game da kafafen yaɗa labarai kuwa, kada ka dogara da guda ɗaya, kuma ka lura da kalmomin da kowace take zaɓa. Hari ɗaya wata jarida za ta kira shi rikicin manoma da makiyaya, wata ta ce harin 'yan bindiga, wata ta ce ramuwar gayya, kuma kowace kalma ta riga ta yanke hukunci kan wanda ya fara. Adadin mamata na ranar farko shi ma yakan bambanta tsakanin na 'yan sanda da na shugabannin al'umma, don haka idan za ka ambaci adadi, ka faɗi wanda ya bayar da shi. Ka kuma tuna cewa 'yan jarida ma suna aiki ne a cikin takura, domin a watan Agustan 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan fashin daji.

Sai kuma batun kwatanta mu da Amurka, wanda kusan ba a tashi majalisa ba a yi shi ba. A can, riƙe makami haƙƙi ne da gyara na biyu na kundin tsarin mulkinsu ya tabbatar tun 1791, kuma a 2008 kotun ƙolinsu ta ce haƙƙin na kowane mutum ne a ƙashin kansa. Namu kundin bai ba da irin wannan haƙƙi ba. Wanda zai kawo misalin Amurka ya kamata ya haɗa da harin makarantar Uvalde na 2022 da aka kashe yara 19 da malamai 2, da kuma cewa fiye da rabin waɗanda bindiga take kashewa a ƙasar kansu suke harbewa. Wanda zai kawo misalin Ostareliya, wadda ta sayi bindigogi kusan 650,000 daga hannun jama'a bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, shi ma ya kamata ya yarda cewa jama'ar can sun miƙa makamansu ne suna da tabbacin idan sun kira 'yan sanda za su zo. Abin da muke gani a fina-finai kuwa, inda jarumi yake harbi da hannu ɗaya harsashi ba ya ƙarewa, bai kamata ya shigo cikin hujja ba ko kaɗan, don a fim ba a nuna yaron da ya tsinci bindigar mahaifinsa a ƙarƙashin katifa.

Idan ka zo yin maganar, ka bambance abin da ka sani da abin da ka ji da kuma abin da kake zato, ka faɗi kowanne da sunansa. Idan dattijo ne ya kawo labarin da ka san ba haka yake ba, kada ka ƙaryata shi a gaban jama'a. Cewa "Baba, Allah ya ƙara girma, na ga wannan hoton tun bara a wani wuri, bari in nuna maka" ya fi saurin shiga kunne. Ka guji ɗora laifin mutum goma a kan ƙabila ko addini gaba ɗaya, musamman da yake a majalisun Jos ba ka rasa wanda abin ya taɓa danginsa a zaune yana saurare. A zauren WhatsApp da Facebook sai ka ƙara taka-tsantsan, domin maganar baki iska takan ɗauke ta, rubutu kuwa yana nan, kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya tanadi hukunci ga wanda ya yaɗa saƙon da ya san ƙarya ne don ya haddasa karya doka da oda. Idan kuwa bincikenka ya nuna labarin gaskiya ne, misali an ga baƙin fuska da makamai a bayan gari, to wurin kai shi ofishin 'yan sanda mafi kusa ne ko wajen mai unguwa, ko ka kira lambar gaggawa ta 112, ka faɗi wurin da lokacin da adadin mutanen da aka gani.