Darasi na Tara: Aikin Katako a Gida da Zaman Nuna Aiki na Mako

A unguwarmu akwai magidanta bakwai da ke haɗuwa kowace Lahadi bayan sallar la'asar a wani zaure, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da kafinta ce sana'arsa. Akwai direba, akwai tela, akwai malamin firamare, akwai mai shagon kayan masarufi, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, wanda kowa ke kira Baba. Abin da ya haɗa mu shi ne sha'awar aikin katako da kuma gajiya da biyan kuɗi a kan ƙananan gyare-gyaren da mutum zai iya yi da hannunsa. Kowa yakan zo da abin da ya yi a makon, ko benci ne, ko akurkin kaji, ko firam ɗin ragar sauro, idan kuwa abin ba ya ɗaukuwa, kamar ƙyauren ɗaki, sai a tashi gaba ɗaya a je gidan a gani. Wannan darasi daga wancan zaure aka ɗebo shi, domin ku ma ku iya kafa irinsa, kuma karatu da lissafin da kuke koyo a aji su yi muku amfani a kan katako.

Kafinta da masassaƙi

Sassaƙa tsohuwar sana'ar Hausa ce. Masassaƙi yakan sami gungumen ƙirya ko na maɗaci, ya sa gatari da gizago, ya fitar da turmi ko taɓarya ko akushi ko ƙotar fartanya daga itace guda, ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, kuma idonsa ne ma'auninsa. Kafinta kuwa da katakon da inji ya riga ya tsaga yake aiki, yana yankawa yana haɗawa, saboda haka aikinsa ba ya tafiya sai da awo. Idan ƙafa ɗaya ta tebur ta fi sauran tsawo da rabin inci kawai, teburin zai yi ta rawa har ranar da za a jefar da shi. Wannan ne dalilin da ya sa darasin namu ya fi tsayawa a kan awo fiye da bugun guduma.

Karanta tef da sayen katako

A Najeriya da inci da ƙafa ake cinikin katako. Inci 12 su ne ƙafa 1, ƙafa 3 kuma su ne yadi 1, wanda kowa ya sani a wajen sayen atamfa da shadda. A Nijar an fi amfani da mita da santimita, to sai a riƙe cewa inci 1 ya ɗan haura santimita 2 da rabi, ƙafa 1 kuma ta ɗan haura santimita 30. Galibin tef ɗin awo da ake sayarwa yana ɗauke da duka biyun, inci a gefe guda, santimita a ɗaya gefen, kuma kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya auna da wannan gefe yau, gobe ya yanka da wancan. Ku ɗauki tef ku duba tsakanin lamba 1 da lamba 2 a gefen inci. Layin da ya fi tsawo a tsakiya shi ne rabi, biyun da ke bi masa a tsawo su ne kwata da kwata uku, waɗanda ke bin waɗannan a tsawo kuma su ne kashi ɗaya cikin takwas.

Idan kuka shiga kasuwar 'yan katako, kamar ta Na'ibawa a Kano, za ku ji ana kiran katako da lambobi biyu. Wanda aka rubuta 2x2, kaurinsa inci 2 ne faɗinsa ma inci 2, shi ake yi wa ƙafar tebur da firam ɗin raga. Akwai 2x3 da 2x4 da 2x6 na rufin ɗaki da firam ɗin ƙofa, sai falange mai faɗi, 1x12, na kanta da benci da saman tebur. Tsawon da aka saba shi ne ƙafa 12. Filawud kuwa faranti-faranti yake zuwa, ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, kaurinsa daga kwatan inci zuwa kwata uku. Sai dai kada ku yarda da sunan kawai. Falangen da ake kira 1x12 sau da yawa faɗinsa bai cika inci 12 ba, idan kuma aka kai shi inji aka goge masa fuska, kaurinsa ma yakan ragu. Ku tafi da tef ɗinku a aljihu ku auna a gaban mai kaya, wannan ba rashin yarda ba ne, ka'idar ciniki ce.

Wanda yake koyo ya fara da obece, domin yana da laushi da rashin nauyi, zarto yana shigarsa cikin sauƙi, ƙusa kuma ba ta fiye tsaga shi ba, illarsa ita ce gara da ƙwari suna sonsa, kuma ba ya jure ruwa. Iroko da maɗaci suna da ƙarfi da daɗewa, amma suna da tsada, kuma ba a so mutum ya koyi yanka a kan katakon da zai yi kuka idan ya ɓata shi.

Katako yana motsi

A nan ne nake so ku fi natsuwa, domin a nan ne ni kaina na sha kashi. Aikina na farko kanta ce ta jera kwanuka da na yi wa uwargida. Na sayo falange ranar Asabar da safe, na ji shi da nauyi da ɗan sanyi a hannu, amma ban ɗauki hakan a bakin komai ba, kafin magariba na yanke na buga na kafa a bango, har maƙwabta suna shigowa kallo. Watan Nuwamba ne. Kafin Janairu ta fita, iskar hunturu ta shanye ruwan da ke cikin katakon, kowane hawa na kantar ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, wani ya tsage daga bakin ƙusa har tsakiya, kwanon sha kuwa idan aka ajiye sai ya gangaro. Da na kai ƙarar katakon zaure, Baba ya ɗaga guntun da ya rage ya jijjiga shi a hannu, ya ce, "Malam, ai katakon bai yi maka laifi ba, ɗanye ka ɗauko, ba ka kuma bar shi ya sha iska ba."

Yawancin katakon da ke kasuwanninmu daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, inda iska take da laima, kuma sau da yawa ba a jima da tsaga shi ba ake lodawa a mota. Idan ya iso ƙasar da iskarta ta bushe, sai ya riƙa sakin ruwa yana tsukewa. Tsukewar a faɗi take faruwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa, idan kuma fuska ɗaya ta riga ɗaya bushewa, sai falangen ya karkace. Maganin abin haƙuri ne. A jera bulo a inuwa, a shimfiɗa katakon a kai a kwance, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane falange da na samansa domin iska ta ratsa, sannan a ɗora abu mai nauyi a can sama. Kada a jingina shi da bango a tsaye, kada kuma a shanya shi a rana kamar hatsi, domin rana tsaga shi take yi. Mu a zaurenmu mukan bar falange mai kaurin inci 1 ya yi aƙalla mako uku da rani kafin a kai masa zarto, da damina kuwa fiye da haka.

Ko bayan ya bushe, motsin ba ya ƙarewa. Shi ya sa ƙyauren da ke rufuwa lafiya lau a watan Maris yakan cije a watan Agusta, sai an sa kafaɗa. Direban da ke cikinmu ya taɓa fusata da ƙyauren ɗakinsa a tsakiyar damina, ya cire shi ya fere masa gefe sosai, ya zo zaure yana murna cewa ya gama da matsalar. Da rani ya kama, sai ga rata tsakanin ƙyaure da firam wadda ɗan yatsa ke shiga, ƙura da sauro suna wucewa yadda suka ga dama. Abin da ya kamata shi ne a fara duba ƙarafan da ke riƙe ƙyauren a jikin firam, domin sau da yawa sukurorinsu ne suka saki, ƙyauren ya sunkuya. Idan ramin sukuru ya yi faɗi, a tsoma tsinken ashana uku ko huɗu a gam a cusa a ciki, a karye abin da ya fito, a bari ya bushe, a mayar da sukurun. Idan har yanzu yana cijewa, a goga alli a bakin firam a rufe ƙofar a buɗe, inda allin ya manne a jikin ƙyauren nan kaɗai za a rage, kuma kaɗan-kaɗan. Daga nan a shafa fenti a wurin da aka rage, har da saman ƙyauren da ƙasansa waɗanda ido ba ya gani, domin ta nan ne laima ta fi shiga.

Kanta daga falange guda

Ga aikin da za ku iya gwadawa da falange ɗaya na 1x12 mai tsawon ƙafa 12, wato inci 144. Za a yanki gefe biyu, kowanne inci 30, jimla inci 60. Za a yanki hawa uku, kowanne inci 24, jimla inci 72. Idan aka haɗa 60 da 72 an sami 132, saura inci 12. Wannan ragowar ba asara ba ce, domin bakunan falange biyu galibi a tsage suke sai an datse su, kuma zarto da kansa yana cin ɗan katako a kowane yanka. Saboda wannan cin ne ba a so a zana dukkan layukan a lokaci ɗaya. A auna guda, a ja layi da fensir a jikin sikwaya, wato ma'aunin da ke fitar da kusurwa daidai, a yanka ta gefen layin da ke wajen ragowar, sannan a auna na gaba daga sabon bakin.

Wajen haɗawa, ƙusa mai inci 2 da rabi ta isa. A shafa gam ɗin katako a bakin kowane hawa kafin a buga, domin gam ne ke riƙe aiki, ƙusa tana taimaka masa ne ya kama. Idan za a buga ƙusa kusa da bakin katako, a juya ta a ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe, ƙusar da ta dakushe ba ta tsaga katako kamar mai tsini. Kafin gam ya bushe, a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a sake aunawa daga ta sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Idan lambobin biyu suka zo daidai, kantar ta miƙe, idan ɗaya ta fi, a matsa kusurwoyin da suka fi nisa har su daidaita, sannan a rufe bayan da filawud mai kaurin kwatan inci, shi ne zai hana ta sake karkacewa. Kantar da za ta tsaya a ƙasa, musamman a ɗakin da ba a yi wa siminti ba, a ɗora ta a kan bulo ko dutse, a bar rata tsakaninta da bango, domin gara ta ƙasa da bango take hawa.

A kula da hannu. Hannun da ke riƙe katako ya yi nisa da bakin zarto, ƙusoshin da aka cire daga tsohon katako a tara su a gwangwani kada yara su taka, wanda kuwa ƙusa mai tsatsa ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allurar tetanus.

Yadda zaman yake gudana

Ba kowa ne zai iya sayen kayan aiki gaba ɗaya ba, don haka muka yi ɗan adashe muka sayi zarto biyu, guduma, sikwaya da abin goge katako, muka ajiye su a akwati a zauren. Malamin firamare ne ke riƙe da littafi, duk wanda ya ɗauki wani abu sai ya rubuta sunansa da kwanan wata da hannunsa, kuma a kan wannan littafin ne telan namu, wanda ya iya tef tun yana yaro amma bai iya rubutu ba, ya fara rubuta sunansa ba tare da an kama masa hannu ba. Sharaɗi ɗaya muka gindaya, wanda ya kawo aiki shi ne zai fara nuna inda ya ɓata kafin kowa ya yaba. Da farko abin ya yi wa wasu nauyi, domin ba magidancin da ke son a ga karkatacciyar ƙusarsa, amma yanzu da an ajiye benci a tsakiyar tabarma sai ka ji mai shi ya ce, "Ku juya shi ku ga ƙasan tukuna."

Aikin mako

Kowane ɗalibi ya nemi tef ya auna tsawo da faɗin ƙofar ɗakinsa, ya rubuta a littafinsa da inci, sannan ya mayar da shi ƙafa da inci. Ya kuma lissafa wannan: idan aka ƙara wa kantar da ke sama hawa na huɗu mai inci 24, shin falange ɗaya zai isa, idan kuwa ba zai isa ba, inci nawa ne za su kasa? A zo da amsar mako mai zuwa, tare da kowane abin katako da ya karye a gida wanda za a iya ɗaukowa a hannu.