Yadda za ki shirya haihuwa da kanki, tun daga awo har jariri ya kama nono

Yawancin mata masu lafiyayyen ciki suna iya haihuwa da kansu, ba tiyata ba ƙari (wato yanka bakin farji don faɗaɗa hanya), matuƙar an bar jiki ya yi aikinsa kuma akwai ƙwararriyar ungozoma ko likita a kusa. Sai dai idan naƙuda ta kankama, babu sauran sukunin yin shawara. Duk abin da kike so a yi miki ko a bari, tun a wurin awo ake maganarsa.

Mataki na farko: awo

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ce a je awo aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki. A nan ne ake gano hawan jini, ƙarancin jini da kwanciyar jariri, kuma su ne ke nuna ko haihuwa da kanki za ta yiwu lafiya. Ki sha maganin ƙarin jini kullum. Idan wata na takwas ya kama, ki yi wa ungozoma tambayoyi kai tsaye: wa za a bari ya shiga tare da ke, za a bar ki ki yi zirga-zirga, kuma ina za a kai ki idan abu ya rikice cikin dare? Wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko mai ɗauke da tagwaye, ko wadda jaririnta ya zo a gicciye, sai a asibitin da ke da ɗakin tiyata.

Mataki na biyu: gane naƙudar gaske

Lissafin ciki mako 40 ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, kuma haihuwa tsakanin mako 37 da 42 kan lokaci take. Ciwon da ke zuwa jefi-jefi, ya lafa idan kin kwanta ko kin sha ruwa, share fage ne kawai. Naƙudar gaske tana ƙara ƙarfi, tana ƙara matsowa, canza kwanciya ba ya kashe ta. Ki duba agogo daga farkon wata murɗa zuwa farkon ta gaba. Idan tana zuwa duk minti 5, kowace tana kai kusan minti ɗaya, kuma an yi awa guda a haka, ki tafi asibiti. Wadda ta taɓa haihuwa ko mai nisa da asibiti ta tafi tun kafin nan.

Idan faya ta fashe, ki lura da lokaci da launin ruwan, ki tafi ko babu ciwo. Ruwa kore ko mai ruwan ƙasa na nufin jariri ya yi kashi a ciki, wani lokaci alamar ya galabaita ce. Zubar jini, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, jijjiga, zazzaɓi ko raguwar motsin jariri, duk ba a jira da su.

Mataki na uku: yayin da bakin mahaifa ke buɗewa

Sai bakin mahaifa ya kai santimita 10 jariri ke samun hanya. Daga farko zuwa santimita 5 tafiyar hawainiya ce, a haihuwar fari tana iya cin yini. Daga nan zuwa 10 yawanci ba ya wuce awa 12 a haihuwar fari, awa 10 a na baya. Sanin wannan na da muhimmanci, don gajen haƙuri a wannan gaɓar ne ke sa a nemi ruwan naƙuda ba da dalili ba. Kada ki sha komai don gaggauta naƙuda. Mahaifar da aka tilasta tana murɗawa babu hutu, jini ya ragu zuwa ga jariri, wani lokaci har ta yage.

Ki tashi ki taka, ki durƙusa, ki jingina da bango, ko ki kwanta ta gefen hagu. Kwanciya rigingine ta daɗe tana sa nauyin mahaifa ya danne manyan jijiyoyin jini na baya. Ki riƙa kurɓar ruwa, ki ci abu mara nauyi idan ba a hana ki ba, ki yi fitsari akai-akai, domin cikakkiyar mafitsara tana tare wa kan jariri hanya. Idan murɗa ta taso, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ta baki, mai rakiyarki ta danna miki ƙugu da tafin hannu. Neman maganin rage ciwo ba gazawa ba ne.

Mataki na huɗu: nishi

Kada ki fara nishi sai ungozoma ta tabbatar hanya ta buɗe gaba ɗaya, in ba haka ba bakin mahaifa na iya kumbura. Ki yi yunƙuri tare da murɗa, ki huta a tsakani. Da kai ya kunno, za a ce ki dakata ki riƙa huci. Fitowarsa a sannu ita ke rage yagewa, haka ma ɗora tsumma mai ɗumi a wurin. Ba kowace mace ake yi wa ƙari ba, sai da dalili. Kada ki yarda kowa ya danna miki ciki don jariri ya fito. Idan an daɗe ana nishi kai bai sauko ba, tiyata ita ce daidai, domin kan da ya maƙale ya daɗe yana kashe naman da ke tsakanin mafitsara da farji, daga nan yoyon fitsari ke samuwa.

Mataki na biyar: awa ta farko

A goge jariri ya bushe, a ɗora shi a ƙirjinki fata da fata, a lulluɓe ku tare, a rufe masa kai. Idan yana numfashi lafiya, a jira minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure cibiya, don jinin da ke mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa. Ki amince da allurar da ake yi wa uwa nan take don mahaifa ta tsuke: zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, kuma rabin lita ya isa a kira shi haɗari. Mabiyiya kan fito cikin minti 30. Kada a ja ta da ƙarfi.

Ki sa jariri a nono cikin wannan awar. Dakashi kaɗan ne, amma cikin jariri ma ƙarami ne a ranar, kuma shi ne kariyarsa ta farko daga cututtuka. Ki lura da kamun: baki a wangale, leɓen ƙasa a waje, haɓa na taɓa nono. Idan kan nono kaɗai ya kama, zai tsage miki shi kuma ba zai ƙoshi ba. Ki zura ɗan yatsa ta gefen bakinsa, ki cire, ki sake gwadawa. Wanka ya jira awa 24.

Kwanakin farko

Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sau 8 zuwa 12 a dare da rana. Daga kwana na biyar, fitsari sau 6 a yini na nuna jariri yana samun isasshen nono. A bar cibiya a bushe, kada a shafa mata komai sai abin da ma'aikacin lafiya ya bayar. A kwantar da shi ta bayansa. Idan ya ƙi nono, ko numfashinsa ya kai 60 a minti, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko idonsa ya yi rawaya a ranar farko, a kai shi asibiti a take.